Daga Barbara Zuwa Ƙashi Mai Ƙwari: Tambayoyi da Amsoshi Kan Girman Ɗan Tayin Kare da na Sauran Dabbobi Masu Shayarwa

Mafarauta, makiyaya, masu ajiye karen gadi da ɗaliban da ke karatun likitancin dabbobi duk sukan yi irin waɗannan tambayoyi, kowa da dalilinsa. An ɗauki kare a matsayin babban misali saboda cikinsa gajere ne, wata biyu kacal, kuma masana sun bi diddiginsa kusan kwana-kwana. Amma tsarin ɗaya ne da na akuya, saniya, goɗiya da taguwa. Abin da ya bambanta su shi ne lokacin da kowane mataki ke ɗauka.

Kwana nawa karya take yi da ciki, kuma me ya sa lissafin mutane ke saɓawa?

Kwana 63 ne, idan an ƙirga daga ranar da ƙwai ya fito daga gidan ƙwanta. Matsalar ita ce babu wanda ke ganin wannan rana da ido. Ranar barbara ake gani. Idan daga barbara aka fara lissafi, haihuwa na iya zuwa tun daga kwana na 58 har na 68, kuma duk lafiya lau ne.

Dalili biyu ne suka jawo haka. Na farko, ƙwan karya yakan fito ne bai gama nuna ba, sai ya ƙara kwana biyu zuwa uku kafin ya iya karɓar maniyyi, saɓanin na yawancin dabbobi da ke fitowa a shirye. Na biyu, maniyyin kare yana da tsawon rai, yakan kai kusan mako guda a jikin karya yana jira. Shi ya sa karyar da ta haɗu da karnuka daban-daban a lokacin da take neman namiji za ta iya haifar 'ya'ya a ciki ɗaya, amma ubanni daban.

Kyanwa ita ma kusan haka take, kwana 63 zuwa 65. Zomanya wata guda, akuya da tunkiya wata biyar, saniya wata tara da 'yan kwanaki, goɗiya wata goma sha ɗaya, jaka kusan shekara, taguwa wata goma sha uku. Giwa ce kan gaba da kusan wata 22.

Me ke faruwa a makonnin farko, lokacin da ba a ganin komai a jikin uwar?

A nan ne aka fi yin aiki. Ƙwan da ya haɗu da maniyyi yakan fara rabuwa biyu, huɗu, takwas, yana gangarowa ta bututun ƙwai, har ya shiga mahaifa bayan kamar kwana goma. Mahaifar karya rassa biyu gare ta, dogaye. Ƙwayayen sukan yi 'yan kwanaki suna yawo tsakanin rassan har kowanne ya sami wurinsa da tazara daidai, sannan su manne da bangon mahaifa wajen tsakiyar mako na uku zuwa ƙarshensa.

Daga nan ɗan tayi yakan kasu shimfiɗa uku. Ta sama ita ke zama fata, ƙwaƙwalwa da laka. Ta ƙasa ta zama rufin cikin hanji da huhu, da hanta. Ta tsakiya kuma ta ba da tsoka, jini, zuciya, ƙoda da mafi yawan ƙasusuwa. A gefe biyu na laka sai wasu ƙananan dunƙule su jeru bibbiyu, daga kai zuwa wutsiya. Daga cikinsu ne ƙashin baya da haƙarƙari ke fitowa. Ƙasusuwan fuska asalinsu daban ne: wasu ƙwayoyin halitta ne ke tasowa daga gefen laka tun tana naɗewa, su yi ƙaura zuwa gaba su gina muƙamuƙi da hanci.

Zuciya takan fara bugawa a farkon mako na huɗu. Zuwa kwana na 30 ɗan tayin bai wuce santimita biyu ba, amma ƙafafu sun tsiro, ido ya bayyana.

Abin sha'awa, a jikin karya aka fara ganin ƙwan dabba mai shayarwa a tarihi. Wani masanin halittu, Karl Ernst von Baer, shi ne ya gano shi a garin Königsberg da ke Turai, ya bayyana wa duniya a 1827. Kafin nan ana ta hasashe ne kawai.

Me ya sa ake ganin koren ruwa idan karya tana haihuwa?

Daga mabiyiya yake. Mabiyiyar kare da ta kyanwa takan yi wa jakar ɗan tayi ɗamara a tsakiya, kuma a gefe biyu na ɗamarar akwai jinin uwa da ya taru, wanda a kare yakan rikiɗa ya zama kore mai duhu. Idan an haifi ɗan farko sannan aka ga koren, babu damuwa. Idan kuwa ya fito kafin ɗan farko, aka yi awa ɗaya zuwa biyu shiru, to mabiyiya ta fara rabuwa da mahaifa alhali ɗan yana ciki, sai a nemi likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Wanda ya taɓa karɓar haihuwar akuya ko saniya ya san tasu ba haka take ba, ƙulli-ƙulli ne a warwatse. Ta goɗiya da ta taguwa kuma a baje take ko'ina.

Shin ƙashi tun farko a ƙashi yake fitowa?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da amsarta ke buɗe sauran. Hanya biyu ce.

Ƙasusuwa masu faɗi, irin na saman ƙoƙon kai da na fuska, kai tsaye ake yin su a cikin wani tantani. Ƙwayoyin da ke gina ƙashi sukan taru, su fitar da wani zare mai ƙarfi, sannan kalsiyam da fosfaras su zauna a kansa ya daskare. Aikin yakan fara daga tsakiyar kowane ƙashi ya bazu zuwa gefe. Inda bai kai ga haɗuwa ba lokacin haihuwa, nan ne maɗiga. A yawancin karnuka takan rufe kafin haihuwa ko jim kaɗan bayanta, amma a ƙananan karnuka masu zagayayyen kai irin Chihuahua tana iya zama a buɗe har tsufa.

Sauran ƙasusuwa kuwa, na ƙafafu, ƙashin baya, haƙarƙari, kwatangwalo, duk da guringuntsi ake fara zana su. Ƙaramin siffar ƙashin cinya yakan fito sak, amma na guringuntsi. Sai ƙwayoyin da ke tsakiyarsa su kumbura su mutu, jijiyar jini ta huda ta shiga, ta zo da ma'aikata iri biyu: masu rushewa da masu ginawa. Kamar mai gidan ƙasa ne da ke mayar da shi na bulo ɗaki-ɗaki, alhali iyali na ciki kuma gidan na ƙara faɗi. Masu rushewa su ne ke rarake tsakiya su buɗe ramin da ɓargo zai zauna.

A kare wannan aiki yakan kankama daga ƙarshen mako na huɗu zuwa na biyar. Muƙamuƙi na cikin na farko, sannan tsakiyar dogayen ƙasusuwan ƙafa. Kawunan ƙasusuwan kuwa, wato wajen gaɓoɓi, yawanci sai bayan haihuwa suke fara zama ƙashi.

Rushewa da ginawa ba sa tsayawa har mutuwa. Ƙashin da ake ɗora wa nauyi yakan ƙara kauri ta wajen da nauyin ke bi, wanda aka daina amfani da shi kuma ya rame. Likitan Jamus Julius Wolff ne ya tsara wannan ƙa'ida a 1892.

Idan ƙashi ya riga ya taurare, ta yaya yake ƙara tsawo?

Ba miƙewa yake yi ba. Kusa da kowane ƙarshe na dogon ƙashi akwai wani siririn faifan guringuntsi da aka bari da gangan, ana kiransa farantin girma. Ta ɓangaren kan ƙashi yana haifar da sabon guringuntsi, ta ɓangaren sandar ƙashi kuma tsohon yana komawa ƙashi. Da haka kan ke ta matsawa gaba. Kauri kuma daga tantanin da ya lulluɓe ƙashi ta waje yake zuwa.

Wani Bature ɗan Ingila, Stephen Hales, ya nuna haka tun 1727. Ya huda alama biyu a ƙwaurin ɗan tsako, ya bar shi ya girma. Ƙashin ya yi tsawo, amma tazarar da ke tsakanin alamomin ba ta canza ba. Kai ma kana iya ganin farantin ba tare da ɗakin gwaji ba: idan aka dafa ƙafar ƙaramin rago ta yi luguf, kan ƙashin yakan ɓalle daga sandar, ya bar fuska mai gargada. A tsohon rago ba za ka taɓa ganin haka ba, domin sun riga sun haɗe.

Yaushe za a iya tabbatar da ciki, kuma a san yawan 'ya'yan?

Da sikanin ana ganin ciki da bugun zuciya daga wajen kwana na 25. Ƙwararren likita na iya jin ƙulli-ƙullin da hannu wajen kwana na 28 zuwa 30, amma wanda bai iya ba kada ya gwada matse cikin. Hoton eksire kuwa ba ya nuna 'ya'yan sai wajen kwana na 45, domin kafin nan ma'adinin da ke ƙashinsu bai kai ya tare hasken ba. Don ƙirga su, an fi so a bari sai bayan kwana na 55, a ƙirga kawuna da ƙasusuwan baya.

Wani lokaci sikanin ya nuna shida, a haifi huɗu. Ɗan tayin da ya mutu da wuri, tun yana guringuntsi da ruwa, jikin uwar yakan shanye shi ba tare da an ga ɓari ba. Wanda ya mutu bayan ƙashi ya kafu ba ya shanyuwa. Ko dai a yi ɓarinsa, ko ya bushe a ciki ya fito tare da 'yan'uwansa.

Me ya sa ɗan akuya ke miƙewa nan take, kwikwiyo kuwa sai ya yi makonni yana jan ciki?

Kowace dabba da inda haihuwa ke riskar ta a kan hanyar girma. Ɗan akuya, maraƙi da duƙushi sukan fito da yawancin kawunan ƙasusuwansu sun riga sun taurare, ido a buɗe, cikin awa ɗaya ko biyu sun tsaya, domin iyayensu dabbobin fili ne da gudu ke cetonsu. Kwikwiyo kuwa a rami ko lungu ake haifarsa, uwa na tsaronsa. Idonsa sai kwana 10 zuwa 14 yake buɗewa, tafiya kuma sai wajen mako uku. Idan aka ɗauki hoton ƙafarsa ranar haihuwa, za a ga sandunan ƙashi da manyan giɓi a tsakani, kamar ba su haɗu ba. Giɓin nan guringuntsi ne.

Yaushe kare ke daina girma? Dandaƙa na shafar tsawonsa?

Ƙananan karnuka farantinsu kan rufe tsakanin wata shida zuwa goma, matsakaita wajen shekara, manya-manya irin Great Dane kuma har wata 18 ko fiye. Sinadaran balaga ne ke ba faranti umarnin rufewa. Idan aka dandaƙe dabba kafin ta balaga, umarnin yakan yi jinkiri, ƙafafu su ɗan ƙara tsawo. Makiyaya sun daɗe da lura da bambancin ƙirar taure da ta bunsuru, da ta sa wanda aka dandaƙe yana ƙarami da ta bijimi. A manyan karnuka likitoci da yawa yanzu sun fi son a jira girma ya kammala kafin a yi aikin, saboda lafiyar gaɓoɓi.

Dabbobin aiki sun fi kare daɗewa. Farantin da ke saman gwiwar gaba ta doki sai wajen shekara biyu yake rufewa, na ƙashin baya kuma har shekara biyar ko fiye. Mai gaggawar sa wa duƙushi sirdi don sukuwa, ko labta wa ɗan jaki mangala, ya san abin da yake taɓawa.

Me ya sa wasu karnuka ke da gajerun ƙafafu, wasu dogaye?

Kwatanta Azawakh, karen farautar Buzaye na yankin Nijar, Mali da Burkina Faso, mai siraran dogayen ƙafafu, da Dachshund na Jamus wanda cikinsa ke kusan taɓa ƙasa. Ƙasusuwan ƙafarsu iri ɗaya ne, adadi ɗaya. Bambancin yana cikin aikin farantin girma. A 2009 masu bincike suka gano cewa gajerun karnuka irin Dachshund, Basset da Corgi suna ɗauke da ƙarin kwafin wata ƙwayar gado mai suna FGF4, wadda ke hana faranti yin aikinsa sosai. Daga baya aka gano wani kwafin na biyu da ke da alaƙa da ciwon faifan ƙashin baya, wanda ke gurgunta irin waɗannan karnuka. A ganina wannan gajarta da ake sayen kare da tsada dominta nakasa ce da mutane suka mayar ado.

Gajerun awakin kudancin Najeriya su ma masana kiwo sun daɗe suna sa su cikin masu irin wannan gajarta, ta ƙafafu ba ta gangar jiki ba.

Ƙasusuwa nawa kare yake da su, kuma daidai suke da na sauran dabbobi?

Kusan 320, gwargwadon tsawon wutsiya da ƙarin yatsu. Baligin mutum 206. Amma tsarin ginin ɗaya ne har abin ya ba da mamaki. Ƙashin wuya bakwai ne a kare, bakwai a mutum, bakwai a ɓera, bakwai a raƙumin dawa duk da tsawon wuyansa. Kaɗan ne suka fita daga wannan ƙa'ida, cikinsu har da ayu na kogin Binuwai da Neja, mai shida.

Ƙafa ma haka. Tafin ɗan tayi yakan fara a shafe, sannan ƙwayoyin da ke tsakanin yatsu su mutu, yatsu su rabu. A saniya da akuya yatsa na uku da na huɗu ne suka ɗauki nauyi, ƙasusuwan da ke samansu suka haɗe suka zama sanda ɗaya. Doki a kan yatsa ɗaya yake tsaye. Jemage kuwa yatsun ne suka yi tsawo, fatar tsakaninsu ta zama fiffike.

Akwai kuma ƙasusuwan da ba kowa ke da su ba. Kare namiji yana da ƙashi a gabansa. Babban sa yana da ɗan ƙashi a cikin zuciya. Ƙaho kuma ƙashi ne a ciki, da kube irin na farce a waje. A maraƙi yakan fara a cikin fata, ba a manne ba, sai wajen wata biyu ya kama ƙoƙon kai. Shanun Kuri na Tafkin Chadi nasu ƙahon kumburarre ne, cikinsa rarake-rarake, ba shi da nauyin da ido ke zato.

Zan ba karyata mai ciki ƙwayar kalsiyam don 'ya'yan su yi ƙashi mai ƙwari?

Kada ka ba ta sai da umarnin likita. Wannan na cikin kurakuran da ake yi da kyakkyawar niyya. Jiki yana da wasu ƙananan ƙulli a wuya masu kula da kalsiyam na jini; idan ya yi ƙasa, su ke sa a ciro daga ƙashi. Idan aka cika wa karya kalsiyam lokacin ciki, sai su yi sanyi. Tana haihuwa nono ya fara janye kalsiyam da yawa, su kuma ba su farka ba. Sai ka ga uwa a mako na biyu ko na uku tana haki, jiki na karkarwa, ƙafafu sun sandare, zazzaɓi ya rufe ta, har farfaɗiya. An fi ganin haka a ƙananan karnuka masu 'ya'ya da yawa, kuma yana kisa idan ba a yi saurin kai ta asibiti ba.

Abin da take bukata abinci ne mai kyau. A makonni biyar na farko ba ta bukatar ƙari, domin mafi yawan nauyin 'ya'yan a makonni uku na ƙarshe yake hauhawa. Daga nan sai a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, a raba shi sau da yawa a rana tunda ciki ya matse tumbi.

Wane abinci ne ke lalata ƙashin kwikwiyo?

Iri biyu, kuma kishiyoyin juna ne. Na farko tsoka zalla. Mai hali yakan ɗauka gata ne ya riƙa ba kwikwiyo nama da hanta kullum, alhali tsoka fosfaras ne da ita da yawa, kalsiyam kaɗan. Jiki sai ya koma ciro kalsiyam daga ƙashi, ƙasusuwa su yi laushi, kwikwiyo ya fara ɗingishi, ya karye daga ɗan tsalle. Na biyu shi ne na yawancin karnukanmu: ragowar tuwo, ƙanzo da dusa. Hatsi ba shi da kalsiyam sosai, kuma yana da wani sinadari da ke riƙe ɗan abin da ke akwai ya hana hanji sha. Sakamakon shi ne kumburin gaɓoɓi da ƙafar baka ko gwame. Irin wannan aka gani a yara: binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalilin lanƙwasar ƙafafunsu, ba rashin rana ba.

Ga kare ma rana ba ta wadatarwa, domin fatarsa ba ta iya yin isasshen bitamin D kamar ta mutum ko ta saniya. Dole ya samu a abinci, irin su kifi da gwaiduwar ƙwai. Ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙashinsu suna taimakawa ta fuska biyu. Dafaffen ƙashin kaza kuwa a guje shi, yana tsagewa ya soki hanji.

Yawan kalsiyam ma illa ne ga 'ya'yan manyan karnuka, domin kafin wata shida hanjinsu ba ya iya tace abin da ya wuce bukata. Haka ƙiba da saurin girma: nauyi yakan riga ƙashi.

Waɗanne magunguna ne ke da haɗari ga dabba mai ciki?

Lokaci ne ke yanke hukunci. Maganin da ba zai yi komai ba a ƙarshen ciki yana iya nakasa ɗa idan aka ba da shi lokacin da ake tsara gaɓoɓi, wato a kare daga mako na uku zuwa na biyar. A shekarun 1950 makiyayan tumaki a jihar Idaho ta Amurka suka riƙa samun 'yan raguna masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Da aka bincika, wata ciyawa ce iyayen ke ci, kuma sai an ci ta wajen kwana na 14 na ciki take yin wannan ɓarna.

Daga cikin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu: maganin tsutsar ciki albendazole ba a ba tunkiya a kwana 30 na farkon ciki, saniya kuma a kwana 45. Tetracycline da danginsa suna manne wa kalsiyam, su ɓata launin haƙoran ɗa su rage girman ƙashi. Griseofulvin na makero yana jawo tsagewar ganɗa da nakasar kai, musamman a kyanwa. Dexamethasone, maganin kumburi, na iya zubar da ciki. Enrofloxacin kuma, maganin ƙwayoyin cuta, yana lalata guringuntsin gaɓoɓin kwikwiyo mai tasowa. Kwikwiyon da nono ke fito masa ta hanci idan yana sha, a buɗe bakinsa a duba ganɗarsa.

Kwikwiyona ya karye. A kai shi wajen mai ɗori ko a bar shi ya warke da kansa?

Ƙashin ƙaramar dabba yana saurin haɗewa, mako uku zuwa huɗu, na babba kuma wata biyu zuwa uku. Jiki yakan maimaita abin da ya yi a mahaifa ne: jini ya taru, guringuntsi ya haɗa bakin karayar, sannan ya koma ƙashi. Wannan saurin shi ne kuma haɗarin, domin idan ya haɗe a karkace cikin 'yan kwanaki ya fara kamawa.

Wurin da aka fi jin tsoro shi ne farantin girma, wanda ya fi ƙashin da ke kewaye da shi rauni. A ƙafar gaba ta kare akwai ƙasusuwa biyu a jere. Na bayan, kusan kashi 85 cikin ɗari na tsawonsa daga farantin ƙasa yake zuwa, kuma siffar farantin mai tsini ce, bugu kaɗan ke murƙushe shi. Idan ya rufe da wuri, ɗan'uwansa ya ci gaba da girma, ƙafar sai ta lanƙwashe, tafin ya juya waje, makonni bayan an ɗauka an warke. Ɗaurin kara da tsumma ba ya hana wannan, kuma idan ya yi tsauri yakan tare jini ƙafa ta ruɓe. Karayar da ke kusa da gaɓa a dabbar da ba ta gama girma ba tana bukatar hoto, sannan a sake duba ƙafar bayan mako biyu zuwa uku ko da kwikwiyon ya daina ɗingishi.